Jiran Faifan Roba: Haƙuri da Ladabi a Wajen Masu Nutso da Kayan Da

In ka samu tsohuwar regileta ta nutso, irin mai tiyo biyu da aka ƙera a Amurka ko Faransa wajen 1960, abin da zai fara ruɗarka shi ne kyanta. Gwangwani ne kewayayye na tagulla, faɗinsa ya ɗan ɗara tafin hannu, an lulluɓe shi da farin ƙarfe mai walƙiya, ga tambarin kamfani daram a tsakiya. Ka goge shi da tsumma sai ya ɗauki ido kamar jiya aka sauke shi daga kanti. To sa filaya ka ciccire 'yan ƙarafunan da suka matse bakinsa, ka raba shi gida biyu. A nan labari ke shan bamban. Faifan robar da ke ciki, wanda ya kamata ya yi laushi kamar fatar kunne, ya bushe ya ƙandare kamar ganda, kana lanƙwasa shi zai tsage. A ɗaya ɓangaren, 'yar robar da ake kira bakin agwagwa ta narke ta manne wa ƙarfe, baƙa ƙirin, tana danƙo kamar kwalta a tsakar rana. Tiyon kuwa, miƙar da shi ka ɗaga wajen haske, za ka ga ƙananan tsagu birjik a kowace gaɓa. Ƙarfe ya yi shekara sittin ko gezau bai yi ba, roba kuma ta mutu tun tuni.

Duk abin da ya mutun nan in ka tattara shi bai cika ƙaramar leda ba, kuɗinsa ma bai taka kara ya karya ba. Sai dai babu kantin da za ka shiga ka ce a miƙo maka. Kamfanonin da suka yi waɗannan na'urori wasu sun rufe, wasu an sayar da su, waɗanda suka rage kuma sun daɗe da barin wannan layi. Mai son ya sake shaƙar iska da tsohuwar regileta a ƙarƙashin ruwa ba shi da zaɓi sai ya nemi 'yan tsirarun mutanen da ke ƙera kayan gyaranta a yau, ya ba da sunansa, ya koma ya zauna. Zaman na iya zama na mako biyu, na iya zama na wata takwas. A cikin wannan zama ne ake gane halin mutum, kuma a kansa ne masu wannan sha'awa suka fi samun saɓani.

Kafin a shiga batun jira, ya kamata a san abin da ake jira dominsa. A watan Disamba na 1942, lokacin Faransa na hannun Jamus, wani hafsan sojan ruwa, Jacques-Yves Cousteau, ya gana da Émile Gagnan, injiniya a kamfanin Air Liquide. Yaƙi ya sa fetur ya yi wuya, Gagnan kuwa ya riga ya ƙera wata 'yar na'ura da ke ba injin mota gas gwargwadon abin da ya zuƙa. Irin wannan Cousteau yake nema, amma don huhun ɗan Adam. Matsalar nutso ita ce nauyin ruwa: duk mita 10 da ka gangara, matsin da ke kan ƙirjinka na ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar duniya guda. A mita 30 ya ninka huɗu ke nan. Huhu ba zai iya jan iska ba sai an ba shi ita da matsi daidai da na ruwan da ke kewaye da shi. Aikin faifan robar nan ke nan. Gefensa ɗaya ruwa, ɗaya gefen iska. Kana zuƙa sai ya lotsa ciki, ya danna wani ɗan ƙarfe, bawul ya buɗe, iska ta fito daga tukunyar da ke goye a bayanka. Kana dainawa sai ya koma mazauninsa, bawul ya rufe.

Gwajin farko da suka yi a kogin Marne a Janairun 1943 bai yi daɗi ba. Tiyo ɗaya ne a lokacin, iskar da aka fitar kuma a bakin mai nutso take fita. In Cousteau ya miƙe tsaye sai iska ta yi ta kwarara ba ƙaƙƙautawa, in ya kifa kai ƙasa sai ta ƙi zuwa. Sun gano cewa tazarar da ke tsakanin faifai da mafitar iska ce ke jawo haka, sai suka ƙara tiyo na biyu da ke mayar da numfashin da aka fitar can bayan wuya, ya fita dab da faifan ta wannan bakin agwagwa. Da bazarar shekarar suka gwada a tekun Bahar Rum kusa da Bandol, abu ya yi. A 1946 Air Liquide ya kafa La Spirotechnique, aka fara sayar da samfurin CG45, a 1955 kuma aka fito da Mistral, wadda sauƙin ƙirarta ya sa har yau ake yabonta. A Amurka kamfanin U.S. Divers ne ya riƙe kasuwar, da DA Aqua-Master a 1958, sannan Royal Aqua-Master a tsakiyar shekarun 1960. Voit da Healthways da Dacor su ma sun yi nasu, Ingila na da Siebe Gorman, Sifen na da Nemrod.

Fim ne ya sa abin a zukatan mutane. Fim ɗin Cousteau mai suna Le Monde du silence ya ci babbar kyautar Cannes a 1956, shirin talabijin na Sea Hunt kuma, wanda Lloyd Bridges ya fito a ciki daga 1958 zuwa 1961, ya sa yaran Amurka da yawa suka tashi da burin rataya tiyo biyu a wuya. Amma tun farkon shekarun 1950 wani mutumin Melbourne a Ostireliya, Ted Eldred, ya riga ya ƙera regileta mai tiyo ɗaya, wadda ya kira Porpoise, don ya kauce wa takardar mallakar fasahar Faransawan. Irin tasa ce ta ci kasuwa daga ƙarshe: ta fi araha, ta fi sauƙin koyarwa, ta fi sauƙin fitar da ruwa in ya shiga baki. Zuwa farkon shekarun 1970 U.S. Divers ya daina sayar wa jama'a mai tiyo biyu. Nemrod ya ja har shekarun 1990. A 2005 kamfanin Aqua Lung ya gwada dawo da sunan Mistral da sabuwar ƙira, ba ta yi nisa ba.

Waɗanda suka rage a kan tsohuwar hanya yau kashi-kashi ne. Akwai dattawan da suka koyi nutso da ita tun suna samari. Akwai masu ɗaukar hoto a ruwa, da suke sonta saboda kumfa na fita ta bayan kai, ba ta rufe ido, ba ta korar kifi. Akwai masu tara kayan tarihi, irin waɗanda ke cikin Historical Diving Society da aka kafa a Ingila a 1990, takwararta ta Amurka kuma a 1992. Wasunsu ma sun wuce regileta, sun koma kan kwalkwalin tagulla irin Mark V, wanda sojan ruwan Amurka suka yi aiki da shi daga 1916 zuwa 1984. Duk ka tara su a duniya ba su kai yawan da babban kamfani zai waiwaye su ba, kuma daga nan jira ya samo asali.

A duba yadda ake yin faifan roba guda ɗaya. Sai an samu tsohon da bai gama lalacewa ba an auna shi, kauri da faɗi da zurfin lanƙwasarsa. Sai an zana. Sai an sassaƙa mazubin ƙarfe wanda za a matse roba a ciki da zafi ta fito da wannan siffa. Mazubin nan shi ne ke cin kuɗi, kuma kuɗinsa ɗaya ne ko faifai goma za ka buga ko dubu goma. Masana'antar da za ta buga ɗin ba za ta kunna inji don guda talatin ba, tana da mafi ƙarancin adadin da take karɓa, tana kuma da manyan abokan ciniki masu odar miliyoyin zoben roba na motoci da famfuna. Mai odar faifan nutso a ƙarshen layi yake, duk ranar da babban mutum ya zo za a ture nasa gefe. In samfurin farko ya iso, wataƙila ya yi kauri, numfashi ya yi nauyi. Ko ya yi laushi da yawa, iska ta riƙa zuba. A gyara mazubi, a sake bugawa, a sake aikowa, a sake shiga ruwa da shi. Kowane zagaye makonni ne. Yau da silikon ake yin yawancinsu maimakon robar da, domin ya fi jure zafi da iska da shekaru, amma shi ma sai an dace da taurinsa.

Kayan ƙarfe ma haka. Injin sassaƙa tagulla sai an ɓata lokaci an saita shi kafin ya fitar da guda ɗaya, saboda haka ba a yi sai an tara oda. Daga nan a kai wajen masu lulluɓa kuromiyam, wato farin ƙarfen nan mai walƙiya, su kuma sun ragu ƙwarai domin sinadarin da suke aiki da shi guba ne, Tarayyar Turai ma ta tsaurara dokarsa tun 2017. A ƙara da jirgi da kwastam. Wanda ya yi odar wani abu daga ƙetare a 2020 da 2021, lokacin annobar korona da makon da jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez, ya san yadda wata ɗaya ke komawa wata biyar ba tare da laifin kowa ba.

Sannan ba duk samfuri ne ke da sa'a ɗaya ba. Mai Royal Aqua-Master ya huta ta wani gefen, domin wasu kayan cikinta iri ɗaya ne da na Conshelf mai tiyo ɗaya, wadda aka daɗe ana yi. Wasu samfurorin Voit ma cikinsu na U.S. Divers ne, abin da ya shiga wannan zai shiga wancan. Amma mai Healthways ko Dacor ko wata ƙirar Turai da ba a yi da yawa ba, shi kam sai ya yi da gaske, domin masu neman irin nasa ba su kai su biya kuɗin mazubi ba. Yana iya shekara yana cigiya.

Wa ke ɗaukar duk wannan wahala? Galibi mutum ɗaya ne ko biyu. Injiniyan da ya yi ritaya, ko makanikin da ke da aikinsa na rana, sai dare da ƙarshen mako yake shiga gareji. Shi ne mai zane, shi ne mai gwaji, shi ne mai naɗe kaya a kwali, shi ne mai zuwa gidan waya, shi ne mai amsa saƙo. In ya kwanta asibiti, kamfani ya kwanta. In matarsa ba lafiya, kamfani ya rufe. Ribar da yake samu in aka lissafa da lokacinsa ba ta kai ladan leburanci ba, ga kuma fargabar lauyoyi, domin abin da yake sayarwa numfashin mutum ne ya rataya a kai. Wannan fargaba ce ma ta sa yawancin kantunan nutso na zamani ba sa taɓa tsohuwar regileta: ba su da kayanta, inshorarsu kuma ba ta yarda ba.

Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa ladabin jira ya zama kamar doka a tsakaninsu, ko da yake ba a rubuce yake ba. Sabon shiga yakan zo da ɗabi'ar manyan kantuna, inda ake biya yau a kawo gobe. Kwana uku ya aika saƙo, kwana biyar ya buga waya, mako guda ya fara cewa an cuce shi. Bai san cewa duk saƙon da maƙerin ya tsaya amsawa, minti goma ne aka cire daga 'yan awoyin da yake da su na aiki. Tsofaffin hannu sukan ja irin wannan gefe su ce masa ya sassauta, ya tambaya sau ɗaya cikin mutunci, ya haɗa duk tambayoyinsa wuri guda, ya faɗi samfurin na'urarsa da shekararta don kada a yi ta kai da komowa. Sukan kuma tuna masa cewa ba a fafe gora ranar tafiya. A arewacin Amurka da Kanada, inda ake nutso a tafkuna da tsofaffin ramukan haƙar dutse da ruwa ya cika, lokacin ɗumi gajere ne, daga Yuni zuwa Satumba. Mai hankali tun cikin hunturu yake buɗe na'urarsa ya ga abin da take so. Wanda ya bari sai saura mako biyu a yi taron masu kayan da, sannan ya zo yana kumfar baki, kowa ya san inda laifin yake. Mu da muka san tela da daren salla ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Layi ma abin girmamawa ne. In aka ce za a buga guda hamsin, sunaye aka rubuta bi da bi. Neman a tsallake da kai don kun saba da maƙerin, ko don ka ce za ka ƙara kuɗi, abin kunya ne, kuma yana jefa shi cikin tsaka mai wuya. Wanda ya fi wannan muni shi ne mai handama: kaya sun iso bayan wata shida ana jira, ya kwashe goma alhali na'ura ɗaya gare shi, ya ɓoye, in sun ƙare ya fito da su ninki biyu. Babu dokar ƙasar da ya karya. Amma jama'ar ƙanana ce, kowa ya san kowa, kuma ranar da shi ma zai nemi wani ɗan sifirin da ba a samu, zai tarar kowa ya yi kunnen uwar shegu da shi.

Akwai wani laifin da suka fi ƙi duk da haka, wato mutum ya sayi faifai ɗaya, ya aika wa wata masana'anta mai araha ta kwaikwaya, ya dawo yana sayarwa ƙasa da farashin wanda ya yi wahalar. A nan dole in ɗan tsaya, domin mai gardama zai ce ai shi ma maƙerin kwaikwayon na kamfani ya yi. Gaskiya ne. Bambancin shi ne kamfanin ya bar kasuwar da kansa shekaru da dama, babu abincin da aka cire masa daga baki. Shi kuwa wannan bai ma mayar da kuɗin mazubinsa ba. In aka karya shi sau ɗaya, ba zai sake sa kuɗinsa a mazubi na gaba ba, mai kwaikwayon kuma ba zai ƙirƙiro komai ba tunda jiran na kwafa yake. Arahar wata shida ce za ta jawo rashi na dindindin.

To amma in aka tsaya a nan an yi rabin adalci. Kalmar haƙuri tana da daɗin faɗa, kuma sau da yawa wanda ba kuɗinsa ne a hannun wani ba shi ya fi yawan faɗarta. Akwai lokacin da jama'ar masu kayan da ke wuce gona da iri wajen kare maƙeransu. Mutum ya biya kuɗi wata huɗu da suka wuce, ya aika saƙo uku babu amsa, ya fito cikin 'yan'uwa ya tambaya da ladabi ko wani ya ji ɗuriyar wane, sai a yi masa caa: ba ka san wahalar da yake sha ba, ba ka da godiya, in ba ka iya jira ka koma kayan zamani. A ganina wannan zalunci ne da aka sa wa rigar ladabi. Tsoro ne ke jawo shi, tsoron kada maƙerin ya yi fushi ya ajiye aikin kowa ya rasa. Tsoron yana da dalili, amma bai mayar da mai tambaya mai laifi ba.

Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ranar da maƙeri ya karɓi kuɗi, ya tashi daga mai taimako ya zama mai bashi a wuyansa. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna irin wannan ciniki da suke kira salam, inda ake biya yanzu a karɓi kaya daga baya, suka kuma gindaya masa sharaɗi: a san siffar kayan, a san yawansu, a san wa'adinsu. Hikimar ba ta tsaya ga hatsi da dabino ba. Ba wanda ke cewa wa'adi ba zai goce ba, mun ga dalilai goma da za su gotar da shi. Abin da mai jira ke bi bashi shi ne labari. Layi biyu sun isa: samfuri ya zo bai yi ba, an mayar, a ƙara mini mako shida, wanda ba zai iya ba ga kuɗinsa. Na lura mutane na iya jure wata tara in ana gaya musu gaskiya, amma wata ɗaya na shiru kan sa su fara zargi. Shi ya sa maƙeran da suka fi daɗewa da mutuncinsu su ne masu rubuta suna kawai, ba sa karɓar ko sisi sai kaya sun iso hannunsu sun gwada. Wanda kuma ba shi da jarin yin haka, dole sai an yi karo-karo kamar adashi kafin a biya mazubi, to ya faɗa tun farko cewa haɗarin na kowa ne, don kowa ya sa abin da zai iya jure rashinsa.

Shi ma mai ƙorafi da nasa matakan. A fara da saƙo tsakaninku. A ba da lokaci. A nemi wani da ya san shi ya bincika, domin sau da yawa amsar ita ce rashin lafiya ko rasuwa a gida, kuma wanda ya riga ya yi tijara a bainar jama'a sai ya rasa inda zai sa fuskarsa. In duk an bi wannan babu bayani, to faɗa wa sauran jama'a ya zama wajibi ma, domin kada wani ya ƙara jefa kuɗinsa. Sai dai a faɗi abin da ya faru da ranakunsa, a bar zagi da kiran mutum ɓarawo.

Abin da ke sa jiran ya yi sauƙi shi ne aro. Je wajen taronsu a bakin wani tafki a Ohayo ko wata maɓuɓɓuga a Fulorida, za ka ga motoci a jere an buɗe bayansu, kowa da akwatin tarkacensa. Wani saurayi na tsaye jugum da Aqua-Master ɗin da ya gada daga kakansa, bakin agwagwarta bai iso ba. Wani dattijo ya karɓa ya jujjuya, ya sa baki ya zuƙa, ya hura, ya girgiza kai, ya koma motarsa ya tono wata 'yar leda. Minti ashirin a kan murfin akwati an haɗa. In saurayin ya zaro kuɗi, dattijon zai ce ya bari, in nasa ya iso ya mayar, ko ya ba wani. Ladabin a nan shi ne a mayar ɗin, kuma a mayar da sabo. Haka nan ba a zubar da mataccen kaya. Faifan da ya ƙandare ba shi da amfani a ruwa, amma mai tara kayan tarihi na iya son sa don na asali ne, maƙeri kuma na iya buƙatarsa don awo. Da yawa daga kayan da ake samu yau, asalinsu wani ne ya yarda ya ba da aron abu ɗaya tilo da yake da shi, ya yi watanni a hannun wani, da sanin cewa wataƙila sai an yanka shi kafin a auna.

Wannan dattijon da ire-irensa ma suna cikin abin da ake tsoro. Wanda ya koyi nutso a zamanin Sea Hunt yau ya haura tamanin. Maƙeran su ma ba yara ba ne. In ɗayansu ya rasu, mazubansa da zanensa da sunayen masana'antun da yake hulɗa da su na iya ƙarewa a kwali a gareji, magada ba su san darajarsu ba. A irin wannan lokaci ake ganin masu kunya da marasa ita: wani zai bar iyali su gama makoki, wani kuwa tun ba a share hawaye ba yana tambayar ina odarsa.

Duk da haka, haƙurin da ya fi wuya ba da maƙeri ake yin sa ba. Da kai ake yi. Rana ta fito, ruwa ya kwanta, abokai sun shirya, na'ura na kan tebur saura abu ɗaya. Sai zuciya ta fara kawo shawara: a liƙe tsagar da gam, a yanko roba daga tsohon tiyub, a shafa wa tsohon faifan mai ya ɗan yi laushi, ai sau ɗaya ne. Ko kuma a sami faifan da ba a taɓa amfani da shi ba, yana cikin ledarsa ta kamfani tun 1965, a ɗauka sabo ne, alhali roba na tsufa ko a cikin leda. In faifai ya tsage a mita 20, ruwa ne zai cika gwangwanin, shi za ka zuƙa maimakon iska. Wanda ya firgita ya yi sama da gudu yana riƙe da numfashi, iskar da ke huhunsa za ta kumbura ta fasa shi, kuma wannan na iya faruwa ko a ruwan da bai fi tsayin mutum ba. Haka mai ɗora tsohuwar regileta a kan tukunyar zamani don tasa ta tafi gwaji. Tukwanen ƙarfe na da a ma'aunin psi 2,250 ake cika su, na alminiyam na yau kuwa 3,000, kuma ba kowace tsohuwar na'ura aka yi don ɗaukar wannan ba. Gwajin tukunya da ruwa duk shekara biyar ne a Amurka, shi ma wani layin ne da ake bi.

Kuma ranar da ɗan kwalin ya iso ba ita ce ranar shiga tafki ba. Za a wanke ƙarfen, a haɗa, a ɗaura ma'auni a ga matsin iskar cikinta ya tsaya inda littafin gyara ya ce. Za a bar ta a buɗe na ɗan lokaci ana kallon allurar, ko za ta tsaya cak ko za ta riƙa hawa a hankali. Za a tsoma ta a bokiti a duba kumfa. Daga nan wurin ninƙaya, a gefen da ruwa bai wuce ƙirji ba, a kwanta rub da ciki, a juya rigingine, a cire bakin a mayar, a koyi fitar da ruwa daga tiyo ta hanyar mirginawa hagu. Sai bayan wannan a shiga tafki, kusa da gaɓa, tare da abokin da ke ɗauke da regileta ta zamani mai baki biyu. In kuwa allurar nan ta ƙi tsayawa, mazaunin bawul ne bai zauna ba. Sai a sake kwancewa, wataƙila kuma a sake aika saƙo a nemi wani, a rubuta sunanka a ƙasan na waɗanda suka riga ka.